Kilomita 60 a Bakin Teku: Yadda Muka Zagaya Kudancin Kef Tawun a kan Keke

A farkon Fabrairu muka tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, hazon hunturu bai gama ɗagawa ba. Mu uku ne daga cikin masu fita hawan keken tsere da safiyar Lahadi: ni, da babbanmu da muke kira Yaya, da autanmu wanda gyaran keke ne sana'arsa. Wannan watan aka zaɓa saboda yanayin Afirka ta Kudu kishiyar namu ne. Lokacin da muke lulluɓa da bargo a Kano, su suna tsakiyar zafinsu, sararin sama garau, ruwan sama sai jefi-jefi.

Biza sai da aka nema tun da wuri. Katin rigakafin cutar shawara kuwa, wato katin nan mai ruwan ɗorawa, dole ne ga duk wanda ya fito daga Najeriya, kuma an duba shi tun kafin mu hau jirgi. Kilishi muka bari a gida, domin ba a shiga ƙasar da nama sai da izini. Kekunanmu ma muka bar su. Ɗaukar keken tsere a jirgi yana buƙatar akwati na musamman, da kwance kai da feda da tayoyi, kuma abin da ya fi saurin lanƙwashewa shi ne ɗan ƙarfen da ke riƙe da mai sauya giyar baya. Idan ya lanƙwashe, giya ba za ta zauna daidai ba har ka dawo. Sai kowa ya ɗauki abin da jikinsa ya saba da shi: sirdinsa, fedarsa, takalminsa, hular kwanonsa, da 'yar takarda da aka rubuta tsawon sirdi daga tsakiyar gindin feda zuwa saman sirdin. Wannan 'yar takardar ta fi ƙarfin raini. Bambancin santimita ɗaya ba ya nunawa a kilomita goman farko, sai a ta arba'in gwiwa ta fara magana.

Ta Adis Ababa muka bi, muka sauka Kef Tawun washegari, muka ƙara awa ɗaya a agogo. A filin jirgin muka sayi layin waya da fasfo, muka sayi kan soket, don nasu mai ƙafa uku ne zagayayyu, namu ba ya shiga.

Ba cikin birni muka sauka ba. Mun wuce Fish Hoek, wani ƙaramin gari a bakin tekun False Bay, kimanin kilomita 40 daga filin jirgi, saboda daga nan zagayen yake farawa, nan kuma yake ƙarewa. Ɗaki mai gado uku da ɗan kicin muka kama a kan rand 1,400, kuɗin ƙasar, kowane dare, muka raba uku. Garin yana da wani tarihi da ya burge Yaya: takardar mallakar filinsa ta shekarar 1818 ta hana buɗe gidan giya, kuma an shafe fiye da shekara ɗari da hamsin ana bin wannan sharaɗi kafin a sassauta. Har yanzu gari ne mai kwanciya da wuri. Ruwan famfo ana shan sa kai tsaye, wanda ya rage mana kuɗin ruwan gora. Abin da ya fara ruɗa mu shi ne alƙibla. Bakano ya saba da cewa gabas ita ce alƙibla, har kalmar ta zama ɗaya a bakinmu. A can kuwa kusan arewa ake fuskanta, da ɗan karkata zuwa gabas.

Da safe muka je shagon hayar kekuna. Rand 700 a rana kowane keke, da ajiyar kuɗi ta kati. A nan Auta ya nuna amfaninsa, don bai yarda an miƙa mana kekuna mun tafi ba. Ya fara da giya. Ya ce faifan gaba ya zama mai haƙori 50 da 34, na baya kuma babbansa ya kai 32. Keken da aka fara fito wa Yaya da shi babban haƙorinsa na baya 25 ne. Mai shagon ya ce 'yan gari da shi suke hawa.

Auta ya ce, "Yaya, kada ka karɓa. Wannan na wanda aka haifa a kan dutse ne. A titin Zariya zai yi maka daɗi, amma a hawa za ka rasa giyar da za ka sauko mata."

Aka canza. Sai taya: mai faɗin milimita 28, iska kimanin 80 a ma'aunin famfo ga mai nauyin kilo 75. A Kano mun saba mai faci ya ɗura iska har taya ta zama kamar ƙarfe, a ɗauka hakan ne gudu. A kan kwalta mai tsakuwa, taya mai tauri tsalle take yi, tana gajiyar da hannu da baya, kuma ba ta kama ƙasa a kwana. Daga nan ya sa kowa ya matsa birki ɗaya-ɗaya ya ga wane hannu ne ke riƙe tayar gaba, domin ba duk kekuna aka ɗaura iri ɗaya ba, kuma wanda ya damƙe birkin gaba a gangara yana zaton na baya ne, ta kan keken zai wuce. Kowa ya samu tif biyu, ƙarfen cire taya, faci da sholisho, ƙaramin famfo, da gorar ruwa biyu masu cin mililita 750.

Mai shagon ya gaya mana dokokin hanya. Hular kwano wajibi ce a doka. Masu keke a jere suke tafiya, ɗaya bayan ɗaya. Tun 2013 dokar lardin ta wajabta wa direba ya bar aƙalla mita ɗaya tsakaninsa da mai keke idan zai wuce. Sannan babba: a hagu ake tuƙi. Wannan ba ya wahala a miƙaƙƙen titi, sai a shataletale da kuma lokacin da ka tsaya ka sha ruwa za ka sake hawa, nan ne ƙafa take kai ka dama ba ka sani ba. Muka yi yarjejeniya duk wanda ke baya ya riƙa cewa "hagu" da ƙarfi a kowace mahaɗa, kuma haka muka yi har ranar ƙarshe.

Ranar da muka sa za mu fita, ba mu fita ba. Tun tsakar dare tagogi suke kaɗawa. Da asuba muka leƙa, rairayin bakin teku yana tsallake titi kamar hayaƙi. Wannan ita ce iskar kudu maso gabas da mutanen garin ke yi wa laƙabi da Likitan Kef, wai don tana share ƙurar birni. Daga Nuwamba zuwa Maris take da ƙarfi, kuma takan yi kwana biyu ko uku ba ta huta ba. A Maris na 2017 sai da aka soke babbar tseren keken garin, mai kilomita 109 da ake yi tun 1978, da safiyar ranar, saboda iska tana kayar da mahaya tun a wurin tashi. Duk shirin da muka yi a gida na hawan dutse ne. Mun yi ta zuwa Kura mu dawo don tsawon ya yi daidai, mun yi ta maimaita hawan gadar sama da sassafe. Amma gada a minti ɗaya take ƙarewa. Atisayen da ya fi yi mana amfani ashe shi ne wanda ba mu ɗauke shi komai ba: fita ta titin Haɗeja zuwa wajen Gezawa a watan Janairu, kana tura keke cikin iskar hunturu da ke zuwa maka ta gaba, awa guda ba sassauci. Wanda zai je can, wannan ya riƙe.

Ma'aunin da na tsayar wa kaina bayan kwanakin nan shi ne: idan hasashen waya ya nuna iska ƙasa da kilomita 25 a awa, a fita. Daga 25 zuwa 40, sai wanda ya saba, kuma a gama kafin ƙarfe goma sha ɗaya. Fiye da haka, a jingine keke. Kuma lambar bugun iska ake dubawa, ba matsakaicinta ba, don bugun ne ke ture mutum. Saboda haka kada a ware wa zagayen rana ɗaya tak. A ware uku, a zaɓi mai kyau.

Da yake ranar da iska ta hana mu fita Juma'a ce, muka shiga birni muka yi salla a unguwar Bo-Kaap mai gidaje kala-kala, muka ziyarci Masallacin Auwal da ke titin Dorp, wanda aka kafa a 1794, masallaci na farko a ƙasar. Limaminsa na farko, Tuan Guru, Turawan Holan ne suka kawo shi daga tsibirin Tidore na Indunusiya suka tsare shi a tsibirin Robben, inda ya rubuta Alƙur'ani da ka. Yawancin Musulmin garin Shafi'awa ne. Za ka ji liman yana bayyana bisimilla, a sallar asuba kuma ana alƙunutu a bayyane bayan ruku'u, hannuwa a ɗage. A nan muka haɗu da wani dattijo mai hawan keke da kowa ke kira Buta, wato Yaya a bakinsu. Shi ya zana mana hanyar a bayan takarda, ya ce zai raka mu ranar Lahadi idan iska ta kwanta, ya kuma gargaɗe mu kada baƙo ya yi zagayen shi kaɗai, domin akwai wuraren da babu gida babu mutum, kuma akan tare mai keke a ƙwace keke da waya.

Lahadi iska ta kwanta. Muka yi asuba, muka ci burodi da ƙwai da shayi, muka shafa man kare fata daga rana a wuya, kunne, hanci da bayan hannu, muka hau ƙarfe shida da kwata, gari ya fara wayewa. A aljihun riga kowa yana da dabino goma, ayaba biyu, da ƙullin gishiri da sukari irin na asibiti don zubawa a gora ɗaya.

Buta ya dage a kan a yi zagayen ta hannun agogo: a gangara kudu ta gaɓar gabas, a dawo arewa ta gaɓar yamma. Dalilansa biyu ne, kuma dukansu na gani da idona. Na farko, tunda a hagu ake tafiya, teku zai kasance a gefenka na hagu tun daga farko har ƙarshe, ba motar da za ta shiga tsakaninka da shi, ba kuma sai ka tsallaka titi ba idan za ka tsaya. Na biyu, iskar daga kudu maso gabas take zuwa, kuma da hantsi take ƙaruwa. Idan ka fuskance ta da sassafe tana da rauni kai kana da ƙarfi. Lokacin da ta yi ƙarfi kai ka gaji, ka riga ka juya, tana bayanka tana tura ka gida. Wanda ya juya tsarin zai sha daɗin awa ɗaya ya biya da awa uku.

Kilomita goman farko zuwa Simon's Town shimfiɗe suke, titi da layin dogo da teku suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Abin lura kawai rairayin da iskar kwana biyu ta tara a gefen kwalta wajen Glencairn. Siririyar taya ba ta son rairayi. Idan ka shiga, kada ka taɓa birki, kada ka juya kan keke, ka ci gaba da taka feda a miƙe har ka fita.

Simon's Town sansanin sojan ruwan ƙasar ne, wanda Ingila ta miƙa musu a 1957. Jiragen yaƙi a tashar, tsofaffin gine-gine a jere, a saman tudu kuma masallacin Nurul Islam. Buta ya rage gudu ya nuna mana shi. Ya ce unguwar da ke kewaye da shi ta Musulmi ce da sauran waɗanda ba Turawa ba, masunta da ma'aikatan tashar, har zuwa 1967 da gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana garin na Turawa zalla. Aka kwashe su zuwa wani wuri bayan duwatsu da aka sa wa suna Ocean View, nesa da tekun da suke ci daga gare shi. Masallacin ya rage, kuma har yau ana salla a cikinsa. Ya ce mu riƙe sunan, za mu wuce ta gefen wurin kafin mu gama.

Kaɗan gaba akwai gaɓar Boulders, inda tsuntsayen fengwin suke. Tsuntsu ne baƙi da fari da ba ya tashi, yana tafiya a tsaye kamar yaro mai koyon tafiya, kukansa kamar na jaki. A farkon shekarun 1980 suka fara zama a wurin, kuma a 2024 aka sa irinsu cikin halittun da ke dab da ƙarewa. Da sassafe ƙofar ba ta buɗe ba, sai washegari muka dawo da mota. Kuɗin shiga hawa uku ne: na 'yan ƙasa, na ƙasashen kudancin Afirka, da na sauran duniya. Ɗan Najeriya na ƙarshen yake biya, kuma da kati, ba sa karɓar tsabar kuɗi.

Daga Boulders gidaje suka fara raguwa, hanya ta fara hawa da sauka. Bayan Miller's Point sai dutse a dama, teku a ƙasa ta hagu, sai hawan Smitswinkel. Tsayinsa bai kai mita 200 daga teku ba, kuma babu inda ya miƙe tsaye. Abin da ke kayar da Bakano a nan ba tsananinsa ba ne, tsawonsa ne. Mun saba idan mun ga tudu mu miƙe a kan feda mu afka masa, don mun san yanzu zai ƙare. Wannan ba ya ƙarewa yanzu. Kana shan kwana kana ganin wata. Yadda ake yi: ka sauko giya tun kafin ƙafa ta yi nauyi, ka zauna a sirdi, hannu a saman kan keke, ka riƙa juya feda da sauri-sauri ba da ƙarfi ba, kamar sau 80 a minti. Alamar cewa kana daidai ita ce za ka iya yin magana da na kusa da kai. Idan ba ka iya haɗa jimla, ka wuce ƙa'ida. Wanda ya jira sai ƙafa ta ƙage sannan ya canza giya yana danna feda da ƙarfi, sarƙa za ta yi ƙara ta zame, wani lokacin ta faɗi tsakanin faifai da jikin keke, kuma tashi daga tsaye a tsakiyar hawa da takalmi mai maƙalewa a feda ba ƙaramin aiki ba ne. Minti goma sha biyar zuwa ashirin ya ɗauke mu.

Dab da ƙarshen hawan, inda dutsen ya buɗe, iska ta bugo mu ta gefe. Ranar ma ta mai sauƙi ce, amma sai da tayar gaban Yaya ta goce kusan taku biyu zuwa tsakiyar titi. Allah ya sa babu mota. Buta ya ɗaga murya ya ce a sauke hannu ƙasan kan keke, a lanƙwasa gwiwar hannu, a ci gaba da taka feda. Dalili shi ne keken da ake takawa ya fi wanda aka saki tsayuwa, kuma hannun da ya sandare yana mayar da kowane bugun iska ya zama juya kan keke. Kada kuma a manne da bakin kwalta a irin wurin nan, a bar wa kai fili ta ɓangarorin biyu.

A sama muka tarar da garken gwaggon biri zaune a gefen hanya, manya da 'ya'ya. Doka ta hana ba su abinci, kuma sun san aljihun bayan rigar mai keke sarai. Ba a tsayawa kusa da su, ba a fito da ayaba, ba a zura musu ido. Muka wuce a hankali, sai da muka ba su rata muka tsaya muka ci dabino. Ƙofar gandun Cape Point tana nan ta hagu. Shiga ciki har bakin tsinin da Baturen Fotugal Bartolomeu Dias ya kewaya a 1488 zai ƙara fiye da kilomita 20 zuwa da dawowa, da kuɗin shiga, kuma zai fitar da zagayen daga matsakaici. Muka bar shi. Mutane da yawa suna ɗauka nan ne ƙarshen Afirka ta kudu, alhali ƙarshen yana Cape Agulhas, can gabas.

Nan hanya ta juya arewa maso yamma, iska ta koma baya, komai ya canza. Shiru ya sauka, don kana tafiya tare da iskar ba ka jin ta. Muka wuce gonar jiminai, muka bi wani shimfiɗaɗɗen tudu mai gajerun ciyayi, gudun da ke kan agogon keke ya haura 35 ba tare da wahala ba. A nan ne kuskuren ruwa yake faruwa. Zafin ranar bai wuce digiri 28 ba, abin da Bakano zai kira sanyi idan ya tuna Afrilu. Amma iskar tana busar da gumi kafin ka gan shi, sai ka ɗauka ba ka zubar da komai ba. Na duba gorar Yaya bayan awa biyu, ko rabin ta farko bai sha ba, ga farin gishiri ya fito a rigarsa. Ƙa'idar ita ce gora ɗaya kowace awa, kurɓi biyu duk minti goma sha biyar ko da ƙishi ko babu, da dabino biyu ko uku duk rabin awa tun daga awa ta farko. Ranar can ma ba a auna ta da zafi. Tana ƙona fata ko da iska na kaɗawa, kuma baƙar fata ba ta tsira: Auta ya manta leɓɓansa, kwana uku suna tsagewa.

Tayar da ta fashe mana ɗaya ce tak, kuma ba a kan kwalta ba. Kafin Scarborough Auta ya tura kekensa cikin ciyawar gefen hanya don ɗaukar hoto, da ya hau sai tayar baya ta kwanta. Da ya cire, sai ya miƙo mana abin a tafin hannu yana cewa, "Yaya, duba, tsidau ne." Shi ne kuwa, irin na bayan gari a Kano. Ya nuna mana abin da masu gaggawa ke tsallakewa: kafin a sa sabon tif, a zagaya cikin tayar da yatsa a hankali, domin ƙayar takan karye ta bar tsininta a ciki, ta sake huda sabon nan take. Ya sami tsini biyu. Ya ɗan hura wa tif ɗin iska kafin ya sa, don kada ya naɗe ko bakin taya ya cije shi, ya mayar da tayar da hannu ba da ƙarfe ba. Minti takwas muka tashi. A can babu mai faci a gindin bishiya kamar yadda muke da su a kowace kwana. Wanda bai iya da hannunsa ba sai ya kira mota.

Daga Scarborough zuwa Misty Cliffs shi ne wurin da ya biya kuɗin jirgi. Titin yana manne da Tekun Atlantika, igiyar ruwa tana dukan duwatsu, feshinta yana tashi kamar hazo ya rufe hanya, sanyi ya ratsa riga. Ruwan wannan gefen ya fi na False Bay sanyi nesa ba kusa ba, saboda iskar nan tana kore ruwan sama-sama, na ƙasa mai sanyi ya taso. Na sa ƙafa a ciki, ban kai minti ɗaya ba na fito. Feshin yana barin gishiri a tabarau da sarƙa, don haka da yamma sai an wanke keke da ruwan daɗi an sa mai. A Witsand farin rairayi ya sake hawa kwalta. Nan hanya ta rabu: dama ta shige ciki kai tsaye zuwa Ocean View, miƙe kuma ta hau tudu zuwa Kommetjie. Muka miƙe.

Wannan hawa na biyu ya fi Smitswinkel gajarta, amma yana zuwa ne bayan kilomita arba'in da wani abu, kuma nan cinyar Yaya ta ɗaure. Muka tsaya, ya miƙe ƙafar, ya shanye gorar gishiri da sukari, ya huta minti goma, ya ƙarasa a giya mafi sauƙi, wadda da bai samu ba in da ya karɓi keken farko. Daga sama ana hango hasumiyar Slangkop, farar hasumiyar ƙarfe mai tsawon mita 33 da ke haska wa jiragen ruwa tun 1919. Gangarar zuwa Kommetjie tana da kwana. A rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba, da birki biyu tare, a saki, fedar waje tana ƙasa, ido a inda za a fita.

A Kommetjie muka cika gorori a wani ɗan kanti na Basomale. Da ya ji sallama ya tambayi daga ina, muka ce Kano, ya ƙi karɓar kuɗin ruwan. Kilomita goma sha ukun ƙarshe ba su da daɗi: motoci, ƙananan bas masu tsayawa ba sigina kamar 'yan adaidaita sahu, fitilun hanya, ga iska ta dawo ta gefen gaba. Ta nan muka wuce Ocean View, jerin gidajen bene a gindin dutse, Buta ya nuna da haɓa bai ce komai ba. Ƙarfe goma sha ɗaya saura muka shiga Fish Hoek. Agogon keke ya nuna kilomita 59, hawa kimanin mita 600, awa uku da kwata a kan sirdi, sauran duk tsaye-tsaye ne. Tun fitarmu har dawowarmu ba shinge ko ɗaya, ba wanda ya tsayar da mu ya tambayi takarda, ramin da muka kauce wa kuma bai kai a ƙirga ba.

Buta ya kai mu gidan wata 'yar'uwarsa da ke sayar da kusista, abincin safiyar Lahadi na Musulmin Kef: kamar fanke ne mai kirfa da citta, a tsoma a ruwan sukari a barbaɗa kwakwa. Da azahar muka je tashar masunta ta Kalk Bay muka ci soyayyen kifi da dankali a kan kusan rand 120 kowa. Samun halal ba wuya a garin, shaguna da yawa suna manna takardar shaida a bango, inda babu kuma a tambaya. Idan aka cire jirgi da biza, kwanakin da muka yi sun ci wa kowannenmu kimanin rand 7,000, haɗe da masauki, hayar keke ta kwana biyu, abinci da motoci. A tafi da katin dala, kada a dogara da na naira shi kaɗai.

Ranar Talata iska ta sake kwanciya, muka yi amfani da kwana na biyu na hayar muka hau Chapman's Peak daga Noordhoek, titin da aka sassaƙa a jikin dutse aka buɗe a 1922, kilomita 9 da lanƙwasa 114. Motoci suna biyan kuɗin wucewa, kekuna ba sa biya, kuma akan rufe shi idan iska ta yi yawa ko duwatsu na faɗowa, don haka a duba kafin a fita. Laraba muka mayar da kekuna, Auta ya kwance sirdunanmu da fedojinmu ya zuba a jaka, muka kama hanyar filin jirgi iska tana sake tashi.